Takobin da Baba ya yi ta wasawa

Mahaifina mahauci ne. Tun kafin a haife ni yake yanka a kwatar Garwa, a arewacin Kamaru, kuma ban taɓa ganin ya fita ba wuƙa a ƙugunsa ba, sai in masallacin Juma'a za shi. Ko can ma, in ya dawo, ita yake fara ɗaurawa kafin ya cire hula. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Da tsufa ya zo masa, ta kai ya shigo. Jikinsa lafiya lau, hannunsa bai manta komai ba, amma yakan tambaye mu ko an yi azahar bayan ya sallame ta.

Wata safiya akuyar maƙwabcinmu ta shigo gidan tana cin dusa. Maƙwabcin Kirista ne, mutumin duwatsun arewa, albasa yake sayarwa a babbar kasuwa. Kafin Inna ta fito daga madafa, Baba ya kwantar da akuyar, ya yanka, ya feɗe, ya kasa naman a kan faifai, ya wanke hannu. Sai ya zauna yana jiran mai ita ya zo ya karɓa.

Maƙwabcin ya zo, ya daɗe yana kallon fatar da aka shanya. Babu huji ko ɗaya a jikinta.

Ya ce, "Baba, aiki ya yi kyau. Sai dai ban aiko ba."

"To wa ya kawo ta?"

"Ita ta kawo kanta."

Baba ya ce, "To ka riƙa ɗaure ta."

Mun yi dariya ranar, har da mai akuyar. Amma da yamma Yayana, wanda ya gaji Baba a sana'a, ya kwashe wuƙaƙen duka ya kai ɗakinsa ya kulle. Ya ce akwai jikoki a gidan, yau akuya ce, gobe Allah kaɗai ya sani. Ba wanda ya ce masa bai yi daidai ba.

Daga ranar Baba ya daina fita. Da safe zai sa riga, ya kai hannu ƙugu, ya ji wayam, ya koma ya zauna. In aka ce ya je kwata ko don ya gaisa da mutane, sai ya ce mahauci ba ya zuwa kwata hannu rabbana, sai ka ce mai roƙon hanji. Abincinsa ya ragu. Magana ta ragu. Wani lokaci sai in same shi yana goga yatsa a kan tafin hannunsa, gaba da baya, kamar mai washi.

Ana cikin haka tafiya ta same ni. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a bayan gari. An ba da gurbin koyon aikin kula da mata masu ciki a Japan, wadda aka zaɓa kuma ta samu ciki, sai aka tura ni. Da na je sallama na durƙusa gaban Baba na ce, "Me zan kawo maka tsaraba?"

Bai tambaye ni ina ne Japan ba. Ya ce, "Wuƙa."

Yaya yana tsaye a bayansa, ya girgiza mini kai. Na ce wa Baba to.

Wannan to ɗin ta bi ni har can. Ina ajin koyo ana nuna mana na'urori, ni kuwa ina tunanin yadda mutum zai cika alkawari ga uba ba tare da ya saɓa wa yayansa ba. Ranar da aka kai mu sayen tsaraba, abokan tafiyata suka watsu wajen kofunan shayi da mafitai. Ni na ja tafintarmu, wata yarinya mai yin Faransanci a hankali kamar tana taka ƙwai, muka shiga shagon wuƙaƙe.

Ban taɓa ganin wuƙaƙe irin waɗannan ba. Mai shagon, wani dattijo, ya ɗauki ɗaya ya saki takarda a kanta, takardar ta rabu biyu kafin ta kai ƙasa. Na tuna akuyar maƙwabci.

Na ce wa tafinta, "Ki ce masa ina son wadda ba ta yanka."

Ta dube ni. Ta tambaya ko ta ji daidai. Na ce ta ji daidai, kuma ina son wadda ko an wasa ta ba za ta taɓa yanka ba.

Suka yi magana mai tsawo, suna ta sunkuyar da kai. Sai dattijon ya kai mu wani lungu inda aka jera takubba a bango, dogaye, masu ɗan lanƙwasa, ƙotarsu an naɗe da zare. Ya zare ɗaya daga baƙin kube, ya goga bakinsa a tafin hannunsa, ya nuna mini hannun. Ko ja bai yi ba. Tafinta ta ce yana ba ni haƙuri, wannan na ado ne, don baƙi ake yin su, ƙarfensa irin na tukunya ne, ba ya ɗaukar kaifi har abada.

Na ce, "Har abada?"

Ta ce har abada.

Na ce a naɗe mini shi. Dattijon ya raka mu har bakin ƙofa yana sunkuyawa, da alama yana jin tausayina.

A jirgin sama babu wahala, cikin kaya ya tafi. Wahalar ta fara ne bayan na sauka daga jirgin ƙasa a Ngaundare na shiga motar Garwa. Takobin ya fi jakata tsawo, sai na naɗe shi cikin darduma na riƙe tsakanin gwiwoyina. A shekarun nan, kowa ya san yadda hanyar arewa take, ba a wasa da abin da ya yi kama da makami. A wani shinge jandarma ya leƙo, ya ƙare wa kowa kallo, idonsa ya tsaya a kan darduma.

"Madam, mene ne wannan?"

Na ce, "Takobi."

Wanda ke kusa da ni ya matsa, ko da yake babu wurin matsawa.

Aka sauke mu duka. Aka kira babbansu daga ƙarƙashin bishiya. Na yi bayani da Faransanci, na sake da Fulatanci don mutanen mota su ji, cewa tsarabar tsohona ce kuma ba ya yanka. Babban ya ce kowa haka yake cewa. Ya zare shi, rana ta haska a kansa, wata mata ta kama salati. Ya taɓa bakin da yatsa. Ya sake taɓawa. Ya kira mai tallan rake, ya ɗauki kara ɗaya, ya ɗora a kan benci ya sara. Raken ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa lafiyarsa lau. Aka kawo gwaiba. Gwaibar ta lotse, ba ta tsage ba.

Wata tsohuwa daga cikin fasinjoji ta ce, "Ku kawo masa tuwo, wataƙila ya iya."

Babban jandarman ya mayar da shi kube, ya miƙo mini da hannu biyu. Fuskarsa ta canza, kamar ni ce ƙanwarsa.

Ya ce, "Madam, tun daga Japan? An cuce ki."

Har muka iso gadar Binuwai mutanen motar suna yi mini jaje.

Na sami Baba a inda na bar shi, ya ƙara ramewa. Na durƙusa na ajiye takobin a gabansa. Ya dube shi, ya dube ni. Ya share hannuwansa a riga kafin ya taɓa. Da ya zare, Inna ta ja jikoki baya, Yaya ya taso da sauri. Baba bai kula su ba. Ya ɗora bakin takobin a kan farcen babban yatsansa, yadda mahauta suke gwada wuƙa. In tana da kaifi takan kama farcen ta tsaya. Wannan ya zame ya wuce.

Ya ce, "Uwata, wa ya sayar miki da wannan?"

"Wani dattijo, Baba."

"Dattijo, ya bar ƙarfe ya lalace haka." Ya girgiza kai. "A kawo mini dutse."

Na ja Yaya gefe na gaya masa komai, har da raken da gwaibar. Ya ce na tabbata? Na ce mai shagon ya ce har abada. Sai ya je ya ɗauko dutsen washin Baba da kansa.

Ranar Baba ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari.

Kullum da safe, bayan ya karya, zai zauna a gindin darbejiya da dutse da gwangwanin ruwa. Takobin ya fi duk wuƙar da ya taɓa riƙewa tsawo, sai ya riƙa bin sa kashi-kashi, daga gindi zuwa tsini. Wani ruwa mai launin toka yana gangarowa ƙasa. In ya gaji sai ya gwada a farce, ya ce, "Da saura," ya mayar kube. Ƙarar washin nan ta dawo gidanmu. Inna ta ce da ba ta san tana kewarta ba.

Ba a daɗe ba ya sa aka ɗaura wa kuben igiya, ya rataya a kafaɗa, ya ce za shi kwata. Na bi shi a baya ranar farko. Tsoho cikin farar riga, takobin Japan yana bugun ƙafarsa, masu babur suna rage gudu suna kallo. A kwata aka bar aiki aka kewaye shi. Ya zauna a tsohon wurinsa kamar jiya ya tashi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne sauran mahautan. Na gaya musu gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye, don kada wani ya tsorata. Na ce ƙarfen tukunya ne, ba ya ɗaukar kaifi. Kowannensu ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce mini babu ƙarfen da ba ya cin dutse, sai dai in ba a sami dutsensa ba. Waɗannan mutane ne masu cikakken hankali. Wani ya ce kuskuren Baba shi ne ruwa, irin wannan da man gyaɗa ake wasa shi. Wani ya ce a fara da magagari. Wani ya kawo dutse daga bakin Binuwai. Maƙwabcinmu mai albasa, da ya je ganin gida, ya ɗauko wani baƙin dutse tun daga kan duwatsunsu, ya ce da shi kakansa yake wasa lauje. Har Yaya, wanda ya fi kowa sanin zancen, na taɓa kama shi da rana tsaka, Baba yana barci, yana gwada nasa hannun. Da ya gan ni ya ce dubawa kawai yake yi.

Baba yana da aboki tun na ƙuruciya, Bafulatani dillalin shanu. Shekara da shekaru suna ciniki, ba su taɓa rabuwa ba tare da sun zagi juna ba. Shi kaɗai ne bai taɓa takobin ba. Yakan zo ya tsaya, ya dogara da sandarsa.

"Kai mahauci, yaƙi za ka je da Japan ɗin, ko su ne za su zo?"

"Kai nake jira. In ya ci, da kai zan fara."

"To ashe zan daɗe. Sandata ma ta fi shi kaifi."

"Sandarka ta san bayan saniya kawai. Matsa, kana tare mini haske."

Wani lokaci Baba yakan manta sunan jikokinsa. Bai taɓa manta da zagin da zai mayar wa mutumin nan ba.

Haka muka yi watanni. Takobin ya sirance, ƙyallinsa ya tafi, zanen da ke bakinsa kamar igiyar ruwa ya goge. Kaifi dai babu.

Sai babbar Salla ta matso. A gidanmu, tun da na yi wayo, Baba ne yake yanka ragon layya, namu da na maƙwabta. Ana saura 'yan kwanaki ya dubi ragon da Yaya ya ɗaure a tsakar gida, ya ce, "Bana da na Uwata zan yanka."



Yaya ya same mu a madafa, ni da Inna. Ya ce wannan kuma ba wasa ba ne. In Baba ya ɗora abin nan a wuyan rago, ba zai yanka ba, sai dai ya yi ta gurzawa, dabba tana shan azaba, unguwa tana kallo. Mutumin da aka san shi da yanka ɗaya. Ya ce gara a ɓoye takobin, a ce ɓarawo ya ɗauka.

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "An ƙwace masa sau ɗaya, na ga abin da ya zama. Ba za a sake ba ina raye."

"To Inna, ya za a yi?"

"Ban sani ba."

Ni ma ban sani ba. Ga shi ni na kawo abin.

Ranar Salla an yi yayyafi da safe, gari ya yi sanyi kaɗan. Aka dawo daga idi. Yaya ya haƙa rami a gindin katanga, aka kwantar da ragon aka fuskantar da shi alƙibla. Labari ya riga ya zaga, saboda haka tsakar gidanmu ta cika: mahauta biyu-uku, dillalin shanu da sandarsa, maƙwabci mai albasa a bakin zaure. Mu mata muna daga ƙofar ɗaki.

Baba ya fito da rigar Salla, takobi a kafaɗa. Ya naɗe hannun riga. Ya juya wa ragon baya kafin ya zare, domin ba a nuna wa dabba ƙarfe. Wannan ma bai manta ba. Ya ɗora bakin a farce. Ya zame. Ya goga a gashin hannunsa. Gashin ya kwanta, ya sake tashi. Ya sake gwadawa ta wajen tsini, sannan ta wajen gindi.

Ya daɗe a tsaye. Ina jin ragon yana numfashi.

Sai ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ba a zaluntar dabba."

Ya mayar da takobin kube. Ya juya wajen Yaya ya miƙa hannu. "Ina taka?"

Na ga Yaya ya dubi Inna. Tun ranar akuya Baba bai riƙe wuƙar gaske ba. Yaya ya zaro tasa, ya juya ƙotar, ya sa a hannun Baba. Jikoki suna nan, ba wanda ya tuna ya ja su baya.

Baba ya auna nauyinta. Ya ɗora a farce, ta kama. Ya goga a hannu, gashi ya zubo. Ya ɗaga ta ya bi bakinta da ido ɗaya.

Ya ce, "Kana danne ta da yawa ta gefen hagu. Tun kana yaro nake gaya maka."

"Haka ne, Baba."

"Amma za ta yi." Ya juya ƙotar ya miƙa masa. "Yanka. Ni nawa bai gama ba."

Ya durƙusa ya dafa kan ragon, ya rufe masa ido da tafin hannu, shi ya yi bisimilla. Yaya ya yanka, sau ɗaya.

Dillalin shanu ya share maƙogwaro ya ce, "To, yau ma na tsira."

Baba ya ce, "Kada ka yi nisa."

Daga nan Yaya ne ya zaga gidajen maƙwabta, Baba yana biye da shi da takobi a kafaɗa, yana gyara masa riƙo. Washegari da safe ya koma gindin darbejiya.

Bai ga wata babbar Sallar ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, bayan an gama girbi. Ana gobe zai kwanta ma ya yi washinsa, ya gwada, ya ce da saura. A kwanakin ƙarshe in ya ce Uwata, ban san ko ni yake nufi ko mahaifiyarsa ba. Ina amsawa dai.

Ranar sadakar uku dillalin shanu ya zo. Ya zauna a zaure cikin maza har aka watse. Da zai tafi ya aiko a kira ni. Na fito na durƙusa, muka gaisa, ya yi mini gaisuwar rashi da Fulatanci, na amsa. Sai ya ce in ɗauko masa abin nan.

Na ɗauko. Ya jingine sandarsa a bango. Wannan ne karo na farko da ya taɓa shi. Ya zare a hankali. Takobin ya zama siriri kamar tsinken tsire, duk jikinsa zanen dutse. Dillali ne, ba mahauci ba, bai iya gwadawa ba, sai da Yaya ya nuna masa yadda ake ɗorawa a farce. Ya ɗora. Ya zame.

Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ya kusa fa."

Yaya ya ce, "Ya kusa."

Na karɓa na mayar kube.